Oksijines: yadda ake dasa iskar numfashi a cikin magani, guba da amfanin gona

Mafi yawan iskar oksijin da mutum ya shaƙa, ruwa take komawa. Jini ne ke ɗaukarta daga huhu ya raba wa ƙwayoyin halittar jiki, a can ta shiga wasu 'yan ɗakuna da ake kira maitokondiriya, ta karɓi elektiron ɗin da aka tatso daga abincin da muka ci, ta haɗu da haidurojin, shi ke nan ta zama ruwa. Ta haka jiki ke samun ƙarfin motsi da ɗumi, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na oksijin ɗinmu a nan yake ƙarewa. Abin da ake koya wa ɗalibai ke nan a sakandare, kuma daidai ne.

Ragowar, wadda ba ta taka kara ta karya ba a lissafi, ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Ita ba a ƙona abinci da ita. Ɗaukarta ake yi a dasa a jikin wani sinadari, ta zama ɓangarensa, ta sauya masa hali baki ɗaya. Masu wannan dashe wasu enzayim ne da ake kira oksijines. Enzayim dai furotin ne da ke gaggauta haɗuwa ko rabuwar sinadarai, abin da zai ɗauki shekaru ya faru cikin ƙiftawar ido, shi kuwa ya fito yadda ya shiga ya kama na gaba. Oksijines ne ke ƙera sinadaran da ke bambanta namiji da mace, su ke ba fata launinta, su ke share magani daga jini bayan ya gama aiki. Su ne kuma ke mayar da dafin funfunar gyaɗa abin da ke jawo ciwon dajin hanta. Aikin ɗaya ne a duk waɗannan wurare: a ɗauko ƙwayar zarra ta oksijin a liƙa. Enzayim ɗin ba ya tantance mai amfani da mai cutarwa. Duk abin da ya yi daidai da ramin da ke jikinsa, shi yake kamawa.

Gardamar da aka kashe a 1955

An daɗe masana ba su yarda akwai irin wannan enzayim ba. A farkon ƙarni na 20 wasu manyan masana biyu a Jamus sun yi ta ja-in-ja kan yadda abu mai rai ke amfani da oksijin. Otto Warburg ya ce akwai enzayim mai ɗauke da ƙarfe da ke zaburar da oksijin. Heinrich Wieland ya ce sam, haidurojin ake zarewa daga jikin abinci, shi oksijin nasa kawai ya tsaya a ƙarshe ya karɓa. In ma aka ga oksijin ya bayyana a jikin sinadarin da aka sarrafa, to daga ruwa ya fito, ba daga iska ba. Dukkansu sun samu kyautar Nobel, Wieland a 1927, Warburg a 1931, amma kan batun inda oksijin ke fitowa, maganar Wieland ce ta shiga littattafai ta zauna daram.

Osamu Hayaishi likita ne ɗan Japan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya koma Jami'ar Osaka ya tarar da ɗakin gwaji fayau, ba kayan aiki, ba kuɗin sayen dabbobin gwaji. Sai ya ɗebo ƙasa ya tace bakteriyar da ke cikinta, ya riƙa ciyar da su da sinadari guda yana duba yadda suke narkar da shi. A nan ya gano wani enzayim na bakteriyar Pseudomonas wanda ke fasa katikol, wani sinadari mai siffar zobe da aka ƙulla da kabon shida. Enzayim ɗin yana shan oksijin, amma alamomin da ƙa'idar Wieland ta ce a gani babu su.

A 1955, lokacin yana aiki a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa da ke Bethesda a Amurka, ya shirya gwajin da ya raba gardama. Oksijin na yau da kullum nauyinsa 16 ne, amma akwai wani nau'i mai nauyin 18, wanda bai wuce biyu cikin dubu ba a iska. Halinsu ɗaya, nauyi ne kawai ya bambanta su, don haka ana iya bin sawun mai nauyin da na'ura. Hayaishi ya yi gwajin sau biyu. Sau ɗaya ya ba enzayim ɗin iska mai oksijin 18 da ruwa na yau da kullum. Sau ɗaya kuma ya juya, ruwan ne mai oksijin 18, iskar ta yau da kullum. Da aka auna abin da ya fito, duka ƙwayoyin oksijin biyu da suka shiga zoben suka fasa shi daga iska suka zo. Ruwa bai ba da ko ɗaya ba. A cikin shekarar dai, Howard Mason a Portland ta jihar Oregon ya yi irin wannan gwaji da wani enzayim na naman kaza, ba tare da sun haɗa baki ba, ya samu amsa iri ɗaya, sai dai nasa ƙwaya ɗaya yake dasawa.

Daga nan aka raba gidan biyu. Akwai dayoksijines, masu dasa duka ƙwayoyin biyu na iskar oksijin, irin na Hayaishi. Akwai monoksijines, masu dasa ɗaya su mayar da ɗayar ruwa, irin na Mason. Waɗannan na biyun suna buƙatar mai ba su elektiron, yawanci wani sinadari da ake kira NADPH. Sannan akwai oksides, waɗanda ake yawan rikita su da oksijines: su oksijin kawai suke miƙa wa elektiron, ba sa dasa shi a jikin komai.

Me ya sa sai da enzayim?

Kashi 21 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu oksijin ne, jikinmu kuma cike yake da kitse da sukari, abubuwan da ke ci da wuta. Duk da haka ba ma kamawa. Dalilin yana cikin ginin oksijin kansa. Ƙwayoyin zarra biyu ne manne da juna, suna ɗauke da elektiron biyu marasa abokan zama, masu juyawa ta fuska ɗaya. Su kuwa sinadaran jikin mai rai, elektiron ɗinsu bibbiyu suke, kowane da abokinsa mai juyawa ta kishiyar fuska. Ƙa'idar kimiyyar zarra ba ta barin waɗannan biyu su haɗu kai tsaye cikin sauƙi. Wannan shinge rahama ne. Amma yana nufin duk inda jiki ke son oksijin ya shiga wani sinadari, sai an sami abin da zai tsallakar da shi, a daidai wurin da ake so, ba tare da ya ɓalle ya ƙona maƙwabta ba.

Yawancin oksijines da ƙarfe suke wannan aiki, wasu da jan ƙarfe, wasu da filabin, wanda jiki ke samu daga bitamin B2. Wanda aka fi nazari shi ne dangin saitokurom P450. A 1958 Martin Klingenberg da David Garfinkel, kowa a nasa gwajin, suka lura da wani abu mai launi a cikin hanta wanda ke kama iskar kabon monoksaid. A 1962 Tsuneo Omura da Ryo Sato a Osaka suka nuna furotin ne mai ɗauke da hem, irin zoben nan mai ƙarfe a tsakiya da ke sa jini ja, kuma idan ya kama kabon monoksaid yana shanye haske mai tsawon zango nanomita 450, inda sunan P450 ya samo asali ke nan. Shekara guda bayan haka Estabrook da Cooper da Rosenthal a Philadelphia suka tabbatar oksijines ne. Ɗan Adam na da ƙwayoyin gado 57 na wannan dangi.

Tsarin aikinsa abin a tsaya a kalla ne. Da farko abin da za a sarrafa zai shiga ramin enzayim ɗin ya ture ɗigon ruwan da ke zaune a kan ƙarfen. Sai bayan ya zauna ne elektiron na farko ke isowa. Sannan oksijin ya kama ƙarfen, elektiron na biyu ya biyo baya, igiyar da ta ɗaure ƙwayoyin oksijin biyu ta tsinke. Ɗaya ta tafi a matsayin ruwa. Ɗayar ta rage a kan ƙarfen cikin wani yanayi mai tsananin ƙishirwar elektiron, har takan fizge haidurojin daga jikin kabon, ɗaurin da masana'antu sai da zafi mai yawa suke kwance shi. Nan take ta manne a gurbin da ta buɗe. Wannan yanayi ba ya ɗaukar ko daƙiƙa guda, shi ya sa sai a 2010 Jonathan Rittle da Michael Green a Jami'ar Jihar Pennsylvania suka iya tsayar da shi suka auna. Jeren matakan shi ne kariyar: ba a kunna oksijin sai abin da za a dasa wa yana zaune a gabansa. Wani lokaci kuma akan yi kuskure oksijin ɗin da aka zaburar ya zille, ya fita ya lahanta ƙwayar halitta.

Hanta da abin da muke haɗiya

Yawancin magunguna a mai suke narkewa, ba a ruwa ba, da haka suke ratsa bangon hanji su shiga jini. Ƙoda kuwa abin da ya narke a ruwa take iya zubarwa. Aikin P450 a hanta kamar a yi wa tulu mai santsi mariƙi ne: da zarar an dasa oksijin, wasu enzayim sun sami inda za su kama su rataya masa wani abu mai son ruwa, sai ya bi fitsari ko ruwan matsarmama ya fita. Guda ɗaya daga cikin dangin P450, mai suna CYP3A4, yana da hannu a sarrafa kusan rabin magungunan da ake rubutawa a asibiti.

A nan gizo ke saƙa. Ɗauki farasitamol, wanda babu gidan da ba shi. Mafi yawansa ta wasu hanyoyi marasa haɗari hanta ke fitar da shi. Ɗan kaɗan ne ke faɗawa hannun CYP2E1, shi kuma ya mayar da shi wata guba da ake kira NAPQI. Hanta na da tanadin wani sinadari, gulutatayon, wanda ke kama gubar tun ba ta yi ɓarna ba. Muddin babba bai wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, tanadin kan isa. Idan aka zarce, hanyoyin farko su cika, gulutatayon ya ƙare, gubar ta far wa hantar kanta. Abin da ke sa wannan ya zama mugun tarko shi ne ranar farko mutum kan ji garau ko ɗan tashin zuciya kawai, sai bayan kwana biyu ko uku idanu su yi rawaya. Maganin da ke karya gubar ya fi aiki cikin awa takwas na farko. Mai shan giya a kai a kai ya fi shiga haɗari, domin giya na ƙara yawan CYP2E1. Kuma da yawa daga magungunan mura akwai farasitamol a ciki, mutum ya sha wannan ya ƙara da wancan bai san abu ɗaya yake ninkawa ba.

Kodin da tiramadol labarinsu ya sha bamban. Kodin kansa ba ya kashe ciwo sosai. CYP2D6 ne ke mayar da wani ɓangarensa mofin. Shi ma tiramadol wannan enzayim ne ke mayar da shi abin da ya fi shi ƙarfi. Mutane kuwa ba ɗaya suke ba. Wasu sun gaji ƙwayar gado wadda ba ta aiki, su kodin kusan ba ya yi musu komai. Wasu sun gaji kwafi biyu ko fiye, hantarsu na zuba mofin a jini da sauri. Wani bincike a Habasha a 1996 ya sami kusan kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka gwada da irin wannan ninki. Ma'ana, kwalba ɗaya da matasa biyu suka raba na iya sa ɗaya maye kawai, ta tsayar wa ɗayan numfashi, kuma babu wanda zai gane wane ne wane ta kallon fuska. Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol tun 2017.

Wani magani kuma ba sarrafa shi kaɗai ake yi ba, shi ma yana taɓa masu sarrafawar. Rifamfisin, jigon maganin tarin fuka, yana sa hanta ta ƙera CYP3A4 da yawa. Matar da ke shan ƙwayoyin tazarar haihuwa ko aka sa mata ashanar hannu, idan ta fara maganin tarin fuka, hantarta na share sinadarin tazarar kafin ya yi aiki, sai ga ciki ba shiri. Tasirin kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu bayan an daina shan maganin. Tambayar nan ta likita, "wane magani kike sha yanzu?", ba ta cika baki ba ce. Shi ya sa nake ganin haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda, ba suna ba takarda, yana cikin manyan abubuwan da ya kamata mu tsorata da su.

Gyaɗa, masara da hanta

A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi diddigi, sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil, wadda wata funfuna mai suna Aspergillus flavus ta kama. Dafin da take fitarwa shi ne afulatoksin.

Shi afulatoksin B1, yadda yake a cikin gyaɗa, bai iya taɓa ƙwayoyin gado ba. Hantar mutum ce ke kammala shi. CYP1A2 da CYP3A4 suna ƙoƙarin yi masa abin da suke yi wa kowane baƙo, su dasa oksijin don a fitar da shi. Amma a wani gefe na jikinsa, oksijin ɗin kan zauna a tsakanin kabon biyu ya yi wani ɗan zobe mai kusurwa uku, a takure, mai neman abin da zai fashe a kai. Idan ya sami DNA, wato zaren da ƙwayoyin gado ke rubuce a kai, sai ya manne wa ɗaya daga haruffansa, guwanin. A 1991 masu bincike suka ga tabon wannan aiki a cikin ciwon dajin hanta na mutanen Qidong a Sin da na kudancin Afirka: sauyi a wuri guda, matsayi na 249 na ƙwayar gadon p53, wadda aikinta shi ne tsayar da ƙwayar halittar da ta lalace. An sake ganin tabon a Gambiya. Idan mutum na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin na ninkuwa sau da yawa.

Wannan magana tamu ce kai tsaye. Duk wanda ya taɓa zama gaban tarin gyaɗar da aka ɓare ya san ƙwayoyin da ake tsincewa: wadda ta yamutse, wadda ta yi baƙi-baƙi, wadda aka fasa aka ga kore-kore kamar ƙura a ciki, mai ɗaci a harshe. A cikinsu dafin ya fi taruwa. Matsalar ita ce inda suke zuwa bayan an tsince. Sau da yawa ba a zubarwa, sai a sayar da araha a niƙa a yi ƙuliƙuli, ko a zuba wa dabbobi. Suya ba ta kashe afulatoksin, kuma idan aka matse mai, a cikin tunkuza mafi yawansa ke zama. Saniyar da ta ci, ita ma P450 na hantarta zai dasa masa oksijin ya koma afulatoksin M1, ya fito a nono. Busar da gyaɗa da masara sosai a kan tabarma ko tamfol maimakon ƙasa, da ajiye buhu nesa da danshi, suna rage abin ƙwarai. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wato irin funfunar da ba ta fitar da dafi, a watsa a gona kafin amfani ya yi fure don ta riga mai dafin kama wuri.

Abin da suke ginawa

Kada a ɗauka aikin oksijines share baƙi ne kawai. Kafin jiki ya ƙera ƙwayar kolestarol guda, sai ya kashe ƙwayoyin iskar oksijin 11. Daga kolestarol kuma P450 ne ke sassaƙa kotisol, sinadarin da jiki ke fuskantar wahala da shi, da testosteron da estirojin, masu bambanta namiji da mace. Bitamin D da fata ke yi a rana ba ya aiki sai an dasa masa oksijin sau biyu, a hanta sannan a ƙoda, shi ya sa mai ciwon ƙoda kan yi fama da ƙashi. Kolajin, furotin ɗin da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyi, ba ya ƙarfi sai wani dayoksijines ya gyara shi, kuma wannan enzayim bitamin C ne ke kiyaye ƙarfensa. In babu, dasashi ya riƙa jini, rauni ya ƙi warkewa. 'Yan uwansa na kusa su ne ma'aunin da ƙwayar halitta ke gane ƙarancin oksijin da shi, binciken da ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. Launin fata ma daga tairosines yake farawa, wani enzayim mai ɗauke da jan ƙarfe, dangin wanda Mason ya yi gwaji da shi, kuma shi ne mayukan bilicin masu haidurokwinon ke danne wa.

Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi su mutu, a jikin mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20. Hem ɗin da ke cikinsu guba ne idan ya zube. Enzayim ɗin da ke fasa zobensa, wanda aka gano a 1968, yana amfani da iskar oksijin uku ya fitar da ƙarfen a adana, ya saki kabon monoksaid ɗan kaɗan, ya bar wani abu kore wanda ke komawa bilirubin mai ruwan ɗorawa. Shi ne rawayar idon mai shawara. Jaririn da hantarsa ba ta gama nuna ba, bilirubin kan taru masa, in ya yi yawa ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kafur ɗin da ake jefawa cikin kayan jarirai na iya tsananta wannan ga yaran da suka gaji ƙarancin enzayim ɗin G6PD, domin yana farfasa musu jini.

Sai saikulo'oksijines, wanda ke dasa iskar oksijin biyu a jikin wani kitse ya samar da furostagilandin, masu kawo zafi da kumburi da zazzaɓi. A 1971 John Vane a Landan ya nuna asfirin wannan enzayim yake toshewa. Ibufurofen da dikulofenak ma haka. Amma furostagilandin ɗin ne kuma ke sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi daga asid, su ke buɗe wa ƙoda hanyar jini. Lebura ko manomin da ke haɗiyar dikulofenak kullum don ciwon jiki, cikin rana da ƙishirwa, ciwon na lafawa, amma gyambon ciki da ciwon ƙoda yake saya.

A gona

Furotin ɗin da ya fi kowane yawa a doron ƙasa, Rubisko, aikinsa kama iskar kabon dayoksaid ne a cikin ganye don a yi sukari. A 1971 George Bowes da William Ogren a Illinois suka nuna shi ma oksijines ne, ba da niyya ba: kusan sau ɗaya cikin huɗu ko biyar yakan kama oksijin a maimakon kabon dayoksaid, ya haifar da wani abu da tsiron zai kashe ƙarfi wajen gyarawa. Zafi na ƙara yawan kuskuren. Shinkafa da alkama da wake da gyaɗa duk suna wannan asara. Gero da dawa da masara da rake kuwa suna da dabara: wani enzayim da ba ya kula oksijin ne ke fara kama kabon dayoksaid, a tura shi wasu ƙwayoyin halitta na can ciki inda Rubisko yake, a cika masa wuri har oksijin ya rasa shiga. Hal Hatch da Roger Slack ne suka fayyace wannan a Ostireliya a 1966. Yana cikin dalilan da gero ke tsayawa kyam a zafin Damagaram, alkama kuwa sai an jira sanyin hunturu a Kadawa.

Makiyayi ya san ba a barin shanu su faɗa wa ƙaramar dawa ko gyauronta, musamman bayan fari. P450 guda biyu ne, waɗanda Birger Møller da abokan aikinsa a Kofanhegan suka gano, ke ƙera wani sinadari a ganyen, wanda idan aka tauna yake sakin gubar sayanaid. 'Yan uwansu ne ke sa rogo mai ɗaci ya zama sai an jiƙa an tsane kafin a ci. Ƙuduji ma da oksijines yake gano gonarka. Idan ƙasa ta rasa fosfaras, saiwar dawa da gero kan fitar da wani sinadari, wanda dayoksijines biyu ke yankowa daga karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, don kiran wata funfuna mai taimaka mata tsotso abinci. Irin ƙuduji, wanda kan yi shekara goma ko fiye yana kwance, da wannan kira yake farkawa. Shi ya sa ya fi addabar gonar da ta gaji, kuma shi ya sa shuka waken suya ko auduga ke rage shi: suna tayar da irin, amma ba ya iya kama saiwarsu, sai ya mutu.

Sauro da gidan sauro

Shekaru da yawa maganin da ake sa wa gidan sauro dangi ɗaya ne, fairetiroid. Sauron da ya gaji P450 mai yawa, irin CYP6P3 da CYP6M2 a nau'in sauro Anopheles gambiae ko CYP6P9 a nau'in Anopheles funestus, yana dasa wa maganin oksijin ya kashe kaifinsa kafin ya kai ga jijiya. Irinsa ne ya rayu ya hayayyafa, har aka wayi gari sauro na sauka a kan sabon gidan sauro ya tashi lafiya lau, a Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen yankin.

Martani na farko shi ne a toshe enzayim ɗin. Aka ƙara wa gidan sauro wani sinadari, PBO, wanda ba ya kashe sauro da kansa, sai dai ya riƙe P450 ɗinsa har fairetiroid ya yi aiki. Gwajin da aka yi a Muleba ta Tanzaniya ya nuna raguwar zazzaɓin cizon sauro a jikin yara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin wannan gida a 2017. Rauninsa shi ne PBO kan bi wanki da daɗewa ya ragu kafin gidan ya tsufa.

Martani na biyu ya bi ta wata hanya dabam. Aka haɗa wa fairetiroid wani maganin ƙwari, kulofenafir, wanda yadda yake a jikin zaren gidan sauro ba shi da kaifi sosai. Sai ya shiga jikin sauro, P450 na sauron ya dasa masa oksijin ya cire wani reshe, sannan ya zama gubar da ke lalata maitokondiriya, sauron ya rasa ƙarfi ya mutu cikin kwana ɗaya zuwa uku. Enzayim ɗin da ya kuɓutar da shi daga maganin farko shi ke kunna na biyu. Bayan gwaje-gwaje a Tanzaniya da Jamhuriyar Benin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ƙarfi a 2023 cewa a fifita gidan sauro mai fairetiroid da kulofenafir a kan mai fairetiroid kaɗai a wuraren da sauro ya daina jin magani. Masu tsara rabo kuma sai sun kula da inda ake haɗa dabarun biyu a gida ɗaya, domin gwaji ya nuna PBO, da yake toshe P450 yake yi, yana iya rage wa kulofenafir ƙarfi.